Yadda Ake Kwatanta Kamfanonin Hayar Fim ta Gidan Waya Kafin a Biya Kuɗin Wata

Hayar fim ta gidan waya sana'a ce da ta tashi a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, ta bazu zuwa Ingila da Kanada da Ostareliya da Japan, sannan ta ja da baya bayan da kallo ta intanet ya samu gindin zama. Tsarinta ba shi da wuyar fahimta. Mutum zai riƙa biyan ƙayyadajjen kuɗi kowane wata, ya rubuta jerin fina-finan da yake so a shafin kamfanin, shi kuma kamfanin ya riƙa aiko masa da faifan DVD a cikin ambulan. Idan ya gama kallo sai ya mayar ta gidan waya ba tare da ya sayi kan sarki ba, da zarar faifan ya isa hannunsu a aiko masa da na gaba. Ba a yanka masa ranar mayarwa, ba a kuma cin sa tarar jinkiri, wadda ita ce ta fi ƙona wa masu haya rai a shagunan kaset na da.

Ya kamata a faɗi gaskiya tun daga farko, cewa kowanne daga cikin waɗannan kamfanoni iyakarsa ƙasar da yake da rumbun faya-fayai, babu wanda zai ɗauki faifai daga Landan ko Kalifoniya ya aiko shi Mabera ko Runjin Sambo a Sakkwato a kan kuɗin wata. Duk da haka sanin yadda ake auna su yana da amfani ga Basakkwace. Akwai 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu ko aiki a Ingila da Amurka, waɗanda wani lokaci sukan nemi tsohon fim su rasa shi a intanet. Akwai masu shagunan fina-finai a cikin gari da ke tunanin kai wa mutane kaya har gida a kan kuɗin wata. Sannan duk wanda ke biyan kuɗin kallo a wayarsa yana fuskantar tambayoyi irin waɗannan, ko da bai taɓa riƙe ambulan ɗin faifai ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, kuɗin da aka rubuta a talla ba shi ne farashin fim ba. Farashin gaskiya shi ne kuɗin wata idan aka raba shi da yawan fina-finan da suka iso hannu aka kuma kalle su, wannan kuwa gidan waya ne ke yanke shi fiye da kamfani.

Fara da sanin wanda ke raye

Kafin mutum ya ɓata lokacinsa wajen kwatanta farashi, ya fara tabbatar da cewa kamfanin yana nan, domin yawancin sunayen da zai ci karo da su a tsofaffin rubuce-rubuce sun riga sun rufe wannan ɓangare. Netflix, wanda Reed Hastings da Marc Randolph suka kafa a 1997, ya fara aika faifai a 1998, ya shigo da tsarin kuɗin wata a 1999, ya kuma aika ambulan ɗinsa na ƙarshe ranar 29 ga Satumba, 2023, bayan ya aika faya-fayai sama da biliyan 5. Walmart ya gwada sana'ar ya janye a 2005, ya tura abokan cinikinsa wurin Netflix. Blockbuster, mai dubban shaguna, ya shigo a 2004, ya durƙushe da bashi a 2010, aka rufe hayarsa ta gidan waya a ƙarshen 2013. A Ingila, Amazon ya mallaki Lovefilm gaba ɗaya a 2011, ya daina aika faifai ranar 31 ga Oktoba, 2017. Zip.ca na Kanada ya rufe a 2014.

Waɗanda suka ci gaba bayan manyan sun tafi ƙanana ne. A Ingila akwai Cinema Paradiso. A Amurka akwai GameFly, wanda ya fara da hayar wasannin bidiyo a 2002 kafin ya haɗa da fina-finai a 2014, da kuma Scarecrow Video na birnin Seattle, shago mai tarin tsofaffin fina-finai wanda ke bayar da haya ta gidan waya a kan kowane faifai. Darasin da ke cikin wannan tarihi a aikace yake: kada a biya kuɗin shekara a dunƙule komai rangwamen da aka yi, kuma duk bayanin farashin da aka karanta a duba shekarar da aka rubuta shi, sannan a je shafin kamfanin a tabbatar.

Lissafin zagaye

Nan ne ya kamata mutum ya zauna da takarda da biro. Kamfanoni suna sayar da tsarinsu ne bisa yawan faya-fayan da mutum zai iya riƙewa a lokaci guda: ɗaya, ko biyu, ko uku. Wanda bai saba ba yakan ɗauka cewa tsarin uku yana nufin fim uku a wata, ko kuma ya ɗauka cewa tun da an ce babu iyaka zai kalli talatin. Duka biyun kuskure ne. Abin ya yi kama da gidan da ke da jarka uku wurin ɗan garuwa. Yawan ruwan da zai shiga gidan a wata bai tsaya ga yawan jarkokin ba, ya danganta da nisan rijiyar burtsatse da kuma saurin da mutanen gidan ke juye ruwan su miƙa jarka. Kowane gurbin faifai yana zagaye ne, kuma muddin faifai yana kan hanya, gurbinsa babu abin da yake tsinanawa.

Ga yadda ake lissafin. A ƙirga kwanakin da ambulan ke yi daga rumbun kamfani zuwa gida, a ƙara kwanakin da faifan zai yi a gida kafin a kalle shi, a ƙara kwanakin komawa, a ƙara ranar da ma'aikata za su buɗe shi su duba su fitar da na gaba. A ɗauki misali da farashin da Netflix ke karɓa a 2005, wato dala 17.99 a kan faifai uku a lokaci guda. Wanda ke zaune kusa da rumbu, ambulan na zuwa masa cikin kwana 1, ya riƙe kwana 2, ya koma cikin kwana 1, a yi kwana 1 ana sarrafawa, zagayensa kwana 5 ne. A cikin kwana 30 kowane gurbi zai zagaya sau 6, gurbi uku su ba shi fim 18, kowanne ya tashi a kusan dala 1. Wanda ke nesa kuwa, da ambulan ke yin kwana 3 zuwa da kwana 3 komawa, zagayensa kwana 9 ne, zai samu fim 10 ko ƙasa da haka, kowanne ya tashi kusan dala 1.80. Kuɗin da suka biya ɗaya ne, kamfani ɗaya ne, amma na biyun ya sayi kowane fim da tsadar da ta kusa ninka ta na farkon. Idan kuma mutum irin wanda ke ajiye faifai a kan talabijin ne har mako biyu bai kalla ba, to fim ɗinsa zai tashi dala 3 ko fiye, kuma a nan laifin ba na gidan waya ba ne.

Saboda haka tambayar farko da za a yi wa kowane kamfani ita ce daga wane gari yake aikowa, kuma rumbu nawa gare shi. Abin da ya ba Netflix galaba a zamaninsa shi ne rumbuna masu yawa da ya baza a faɗin Amurka, har yawancin abokan cinikinsa suna samun ambulan washegari. Ƙananan kamfanonin da suka rage galibi daga wuri ɗaya ko wurare kaɗan suke aikowa, don haka kamfanin da ya fi araha a takarda yana iya fin tsada a aikace ga wanda ke can wani ƙarshen ƙasa. A kuma lura cewa gidan waya kansa ya rage sauri. A Amurka, tun daga Oktoba 2021 aka tsawaita wa'adin isar da wasu wasiƙu masu nisan zango har zuwa kwana 5. A Ingila, a 2025 hukumar Ofcom, mai kula da harkokin sadarwa da gidan waya, ta amince a daina raba wasiƙun aji na biyu ranar Asabar, a riƙa raba su ana tsallake rana. Ke nan ɗalibin da ke Ingila ya tambaya ko da kan sarkin aji na ɗaya ake aiko masa ko na biyu, zuwa da komawa. A ƙasashen biyu ba a raba wasiƙu ranar Lahadi, don haka faifan da aka jefa a akwati da yammacin Asabar ya yi asarar kwana tun kafin ya tashi.

Daga wannan lissafi ne mutum zai san ko tsarin da babu iyaka ya dace da shi, ko kuwa mai iyaka, wanda ake cewa faifai biyu ko huɗu a wata a kan kuɗi kaɗan. Ɗalibin da ke da laccoci da aikin dare, wanda bai samun sukunin kallo sai ƙarshen mako, ba shi da dalilin biyan tsarin uku. Ni a ganina yawancin mutane sukan sayi tsarin da ya fi ƙarfin lokacinsu, kuma kamfanoni da wannan suke cin riba. Gara a fara da ƙarami, idan an ga ana zaman jiran ambulan sai a ƙara.

Abin da ake nufi da babu iyaka

Kowane zagaye kamfani ne ke biyan kan sarkin zuwa da na dawowa, da ladan ma'aikacin da ya buɗe ambulan, da lalacewar faifai. Ke nan abokin cinikin da ke kallon fim 20 a wata yana iya jawo wa kamfani asara, mai kallon 3 kuwa riba ce tsantsa. Wannan ya sa aka samu wata ɗabi'a ta jan ƙafa ga masu yawan haya, inda ake jinkirta aika musu, ko a aiko daga rumbu mai nisa, ko a ba wasu sababbin fina-finai kafin su. A 2004 an kai Netflix ƙara a Kalifoniya a kan haka, a 2005 kuma kamfanin ya gyara sharuɗɗansa ya rubuta a fili cewa waɗanda ba su cika haya ba su ake fifitawa wajen rabon faya-fayai. Wanda zai yi rajista da kowane kamfani ya nemi irin wannan sharaɗi a cikin dogon rubutun nan da mutane ke tsallakewa, musamman inda ake maganar adalci wajen amfani ko fifiko wajen rabo. Idan an same shi, ba lallai ne a guji kamfanin ba, amma a rage adadin da aka samu a lissafin sama.

Haka nan a yi hattara da garaɓasar da ta yi yawa. A ƙarshen 2006 Blockbuster ya fito da tsarin da mutum zai kai ambulan ɗinsa shagon kamfanin maimakon gidan waya, a ba shi wani fim kyauta nan take, a kuma aiko masa da na gaba a jerinsa. Mutane sun yi tururuwa zuwa gare shi, amma kamfanin yana asara a kan kowace musaya, bai daɗe ba ya ƙara kuɗi ya kuma sa iyaka. Netflix ma a Yulin 2011 ya raba hayar faifai da kallo ta intanet, abin da ake biya dala 9.99 ya koma dala 15.98 ga mai son duka biyun, ya kuma rasa abokan ciniki kusan 800,000 a Amurka cikin wata uku. Farashin da aka shiga da shi ba alƙawari ba ne na dindindin, shi ya sa sharaɗin sanarwa kafin ƙarin kuɗi ya cancanci a karanta shi.

Tarin fina-finai da jerin jira

Babban abin da ya sa har yanzu wasu ke hayar faifai shi ne yawa. A lokacin ƙarfinsa Netflix yana da fina-finai da shirye-shirye sama da 100,000 a faifai, adadin da ya ninka abin da ake samu a kowace manhajar kallo guda sau da yawa. Dalili kuwa na doka ne. A Amurka wanda ya sayi faifai na halal yana da ikon bayar da shi haya ba tare da ya koma neman izini ba, alhali nuna fim ta intanet sai da yarjejeniya mai wa'adi, idan wa'adin ya ƙare fim ɗin ya ɓace daga manhaja.

Sai dai adadin da kamfani ya rubuta a tallarsa ba shi ne ma'auni ba. Hanya mafi inganci ita ce mutum ya rubuta fina-finai 20 da shi kansa yake so, ya cakuɗa sababbi da tsofaffi, na Indiya da na Larabawa da na tarihi da na yara, sannan ya neme su ɗaya bayan ɗaya a shafin kowane kamfani kafin ya ba da lambar katinsa. Kamfanin da ke da 16 daga cikin 20 ɗin ya fi masa wanda ke da dubu ɗari amma 7 kawai ya samu. Ya kuma duba abin da aka rubuta a gefen kowane fim, domin akwai bambanci tsakanin wanda ke nan a shirye, da wanda ke da gajeren jira, da mai dogon jira, da wanda sunansa kawai ke shafin amma faifan ya ɓace ko ya fashe ba a sake saye ba. Tsofaffin fina-finai sun fi faɗawa wannan rukuni na ƙarshe, su ne kuwa ake zuwa nema. Game da fina-finan Hausa na Kannywood, da wuya a same su a irin waɗannan rumbuna, wanda su yake nema kada ya ɓata kuɗinsa a nan.

Yadda ake fitar da faifai daga jeri ma ya bambanta. A zamaninsa Netflix yana bin jerin daga sama zuwa ƙasa, ya tsallake wanda babu. A Lovefilm kuwa, kafin ya rufe, mutum ne ke sa wa kowane fim matsayi, babba ko matsakaici ko ƙarami, kamfanin ya zaɓa daga ciki. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai bin shiri mai dogon zango, domin babu abin takaici kamar a aiko wa mutum faifai na uku alhali bai ga na biyu ba. A tambaya ko ana kiyaye tsarin faya-fayan shiri ɗaya, kuma ko kowane faifai a cikinsa ana ƙirga shi haya guda. Mai son sababbin fina-finai kuma ya san cewa ba kullum suke zuwa da wuri ba. A 2010 kamfanin Warner Bros. ya ƙulla yarjejeniya da Netflix cewa sai sabon faifai ya yi kwana 28 a kasuwa kafin a fara bayar da shi haya, wasu kamfanonin shirya fim suka bi sahu.

Faifan kansa

Ambulan ɗin da Netflix ya yi amfani da shi ja ne, an yi shi ta yadda mutum zai yage ɓangaren da ke ɗauke da adireshinsa, abin da ya rage ya zama ambulan ɗin mayarwa wanda an riga an biya masa kuɗin aikawa. A ciki faifan yana cikin wata farar riga mai ɗauke da sunan fim da taƙaitaccen labarinsa da lambar da na'ura ke karantawa. Babu kwalin roba, domin rashin nauyi ne ya sa ake iya aika shi da kuɗin wasiƙa, abin da kaset ɗin bidiyo bai taɓa iyawa ba. Amma faifan da ke yawo haka a cikin takarda, yana bi ta injinan tantance wasiƙu, yana kuma ratsa hannun mutane da dama, dole wata rana ya zo a tsage ko a karce. Don haka a karanta abin da kamfani ya tanada: ko yana aiko da madadi da zarar an kai rahoto ko sai an mayar da lalataccen, kwana nawa ake jira kafin a ce faifai ya ɓace a hanya, da kuma nawa ake cajin mutum idan a hannunsa ya ɓata. Idan ambulan ya iso, a juya faifan a duba bayansa a haske kafin a sa shi a na'ura, musamman zoben tsakiya inda tsagewa ke farawa, a kai rahoto a ranar.

Akwai kuma batun shiyya, wanda ya shafi duk mai niyyar tafiya da na'urarsa ko dawowa da ita. Faya-fayan DVD na Amurka da Kanada shiyya ta 1 ne, na Turai shiyya ta 2, Najeriya da yawancin Afirka da Indiya shiyya ta 5. A Blu-ray kuwa, wato faifan da ya fi DVD ingancin hoto, Amurka tana A, Turai da Afirka suna B. Na'urar da aka kulle a shiyya ɗaya ba za ta buɗe faifan wata shiyya ba. A kuma tambaya ko Blu-ray yana cikin kuɗin wata, domin Netflix ya fara karɓar ƙari a kansa a 2008.

Magidancin da ke zaune da iyali ya duba ko shafin yana nuna matakin shekaru a fili, kuma ko za a iya ware wa yara jerinsu. A Ingila alamomin su ne U da PG da 12 da 15 da 18, a Amurka kuma G da PG da PG-13 da R. Faifai ta wannan fuska ya fi manhaja sauƙin kula, tun da abin da ya shigo gida yana hannu ana ganinsa.

Idan za a yi irinsa a Sakkwato

Mai shagon da ke son ɗaukar wannan tsari ya fara da sanin cewa ginshiƙinsa a can shi ne ma'aikacin gidan waya da ke zuwa ƙofar kowane gida kusan kullum, da akwatin jefa wasiƙa a bakin titi. A nan mafi yawan masu hulɗa da NIPOST akwati suke kamawa a ofishin gidan waya su riƙa zuwa dubawa, adireshin gida kuwa sau da yawa kwatance ne, a ce bayan masallacin Juma'a, ƙofa ta uku mai shuɗin fenti. Ke nan wanda zai ɗauki matsayin gidan waya shi ne ɗan kabu-kabu, kuma kuɗin zuwansa da dawowarsa, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, yana iya fin kuɗin hayar faifan. Tsarin zai yi ma'ana ne kawai idan an haɗa gidaje da yawa a unguwa ɗaya, a ce Arkilla ranar Litinin da Alhamis, Gawon Nama ranar Talata da Juma'a, ana kai sabo ana karɓo tsoho a tafiya guda. Garuruwa irin Bodinga da Wurno da Illela sai dai ta direbobin tasha, a nan kuwa zagayen ba zai gaza mako ba. Kafin duk wannan, mai shago ya ƙirga gidajen da har yanzu ke da na'urar DVD mai aiki, domin jama'a da yawa sun koma ga tura fim a waya da katin memori. Ya kuma nemi lasisi daga hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ya rubuta yarjejeniya da masu fim, kada ya ɗauka cewa dokar Amurka ta bayar da haya tana aiki a nan.

Yanayinmu ma ba ya raga wa faifai. Zafin Maris zuwa Mayu, da ke haura digiri 40, yana lanƙwasa faifan da aka bari a mota ko a akwatin babur, ƙurar hunturu kuma tana karce shi idan aka goge da gefen riga. Ana goge shi ne da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a bin da'ira. Shi kuma mai haya, kafin ya ba da kuɗin wata, ya tambayi mai shago kai tsaye: "Malam, ranar da yaronka bai zo ba, za a cire mini daga kuɗin wata ko kuwa ta wuce ke nan? Idan faifai ya ƙi yi a na'urata, wa zai ɗauki asarar?" Mai shagon da ya san abin da yake yi zai ce, "Alhaji, ga shi a rubuce," ya miƙo takarda. Wanda ya ce a bari sai abin ya faru a yi magana, a nemi wani.

Mai biyan kuɗin kallo ta intanet kuwa, lissafin zagayen nan bai canza ba, sai dai abin da ke tsaye a matsayin gidan waya shi ne data da ƙarfin sabis da wutar cajin waya. Netflix ya shigo Najeriya a Janairun 2016, akwai kuma manhajojin da suka mayar da hankali ga Hausa irin Northflix da ta tashar Arewa24. Kallon awa guda a Netflix yana cin data har zuwa 1GB a matsakaicin hoto, ya kai 3GB a hoto mai inganci sosai, don haka a haɗa kuɗin data da kuɗin wata kafin a raba da yawan fina-finan da aka kalla. A gwada jerin fina-finai 20 ɗin nan a kowace manhaja, a kuma duba ko tana bari a sauke fim a ajiye, domin a yi amfani da datar dare mai rahusa a kalla da rana.

Gwaji da fita

Kamfanoni da yawa suna ba da gwaji na kyauta na mako biyu ko wata guda, kuma kusan dukansu sai an ba da lambar katin banki, wanda za a fara cira daga cikinsa da zarar wa'adin ya cika ko da ba a sake tambayar mai shi ba. A rubuta ranar cikar wa'adin a wuri mai ganuwa. A lokacin gwajin a riƙa rubuta ranar da kamfani ya ce ya aika, da ranar da ambulan ya iso, da ranar da aka mayar, da ranar da suka ce sun karɓa, domin waɗannan ranaku huɗu su ne za su ba da tsawon zagaye na gaskiya maimakon wanda aka yi hasashe. A kuma tuna cewa sabon shiga ya fi samun kulawa, saurin watan farko yana iya raguwa daga baya, don haka a ci gaba da rubutawa har wata na biyu. Idan kamfani biyu ake gwadawa, a gwada su a lokaci ɗaya da jeri iri ɗaya, domin jinkirin gidan waya na wannan mako ya shafe su daidai.

Tun kafin a shiga a duba yadda ake fita: ko ta shafin kamfani ake sokewa ko sai an buga waya, ko ana iya dakatar da rajista na ɗan lokaci, abin da zai amfani ɗalibin da zai dawo gida hutun azumi da Sallah, da kuma kwana nawa ake ba mutum ya mayar da faya-fayan da ke hannunsa bayan sokewa kafin a caje shi kuɗinsu. Ambulan na ƙarshe kada a jefa shi a akwatin titi. A kai shi ofishin gidan waya a karɓi takardar shaidar aikawa, wadda a Ingila kyauta ake bayar da ita, a adana ta tare da saƙon da kamfani ya turo na tabbatar da sokewa, sannan a duba bayanin asusun banki na watan da ya biyo baya don a ga cewa cirar kuɗin ta tsaya.